Sawun Kaza a Gindin Bindiga

Muciyata ce ta fara. Tana rataye a ƙusa a bangon kicin, wata rana bayan azahar ina tsince shinkafa sai na ji ƙwas, ƙwas, tana bugun bango, alhali taga a rufe take, fanka ma a kashe. Na ɗago na kalle ta, ta tsaya. Wallahi 'yan uwa abin da zan ba ku ni ya faru da ni, ba labarin wata ba ne.

A lokacin muna Kuala Lumpur, a wani dogon bene a Danau Kota, maigidana Abban Hanifa yana karatun digirinsa na uku wajen Jalan Semarak. Kafin ya koma koyarwa ya taɓa aikin ɗan sanda a ma'ajiyar makamai, to da ɓarayin shanu suka addabi ƙauyensu, 'yan sa-kai suka ɗauke shi idonsu. Duk tsohuwar bindigar da aka kawo musu talla, ɗan baffansa Lawwali zai ɗauki hotonta ya turo, shi kuma ya faɗa musu ko ta gaske ce ko ƙirar maƙera, da abin da ya kamata su taya. Ba ya son abin, ni ma ba na so, amma mutanen da aka ƙone wa rumbuna ba ka iya kashe musu waya.

Ranar ya dawo da abincin da ya yi mana tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, a mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi, ya zauna a falo yana jan hoto da yatsa yana magana shi kaɗai, yadda ya saba. Ya ce wannan ta soja ce, an kankare lambarta amma aikin bai ɓoyu ba. Wai irinta ta fi tsada, don soja yana shafe bindigarsa da mai kamar jariri. Har da yabo: mai wannan bindiga mutum ne mai tsafta, kuma bahago ne, ga inda kuncinsa ya goge katakon ta ɓangaren da ba a saba ba.

Da na ji bahago sai na matso kusa da shi. Yayana Habu bahago ne, kuma soja ne. An tura su arewa maso gabas, aka kai wa sansaninsu hari, tun daga nan ba gawa ba labari. Innarmu ba ta yarda an yi zaman makoki ba. Kullum da yamma sai ta kwashe tuwonsa ta rufe a kwano, da safe ta bayar sadaka, ta sake.

Na ce ya ba ni in gani. Ya ce, "Maman Hanifa, me kika sani a bindiga?" yana dariya, ya miƙo. Na ja hoton zuwa gindin katakon. Can ƙasa, ɗan ƙarami, ga sawun kaza an ƙona da ƙusa mai zafi. Haka Yaya Habu yake yi wa duk abin da yake nasa tun muna yara, allonsa, ƙotar fartanya, har muciyar da ya sassaƙa min da zan yi aure, wadda na ƙi bari a gida na sako ta cikin akwati har Malesiya. Na ɗauko ta na ajiye kusa da wayar. Innalillahi. Abban Hanifa bai ƙara dariya ba.

Ya kira Lawwali ya tambayi inda aka samo ta. Lawwali ya ce a wannan kasuwar ba a tambaya, hannu nawa ta bi Allah kaɗai Ya sani, kuma in su ba su saya ba waɗanda ke cikin daji za su saya. Da mai ita ya ji an tabbatar ta soja ce, sai ma ya ƙara kuɗi. Suka saya. Har yau ban san ko in gode ba ne ko in yi kuka.

Sai abin ya dawo kaina: in faɗa wa Inna ko in yi shiru. Maigidana ya ce bindiga tana barin hannun soja ba tare da ya mutu ba, kada in kashe mata ɗa da hoto. Amma da yake faɗa bai kalle ni ba. Na riƙe. In mun yi waya ta ce min ta yi mafarkin Habu ya yi ƙiba, in ce Allah Ya sa, in shiga banɗaki in toshe baki.

Muciyar kuwa ba ta daina ba. Kullum daf da la'asar, ƙwas, ƙwas. Na sauke ta na sa a durowa, ta buga a cikin durowar. Na yi ayatul kursiyyu, na kunna Baƙara, na tofa a ruwa na yayyafa. Na san mamaci ba ya dawowa, haka aka koya mana a islamiyya kuma a kan haka zan mutu. Abin da kunnena ya ji kawai nake faɗa muku. Shawarata ɗaya, duk wanda aka nuna wa tsohuwar bindiga ana ciniki, ya yi wa mai ita na farko addu'a, don yana da uwa.

Hanifa a lokacin shekararta huɗu. A can Malesiya aka haife ta, ba ta taɓa ganin kawunta ba, kuma in ka yi mata Hausa da Turanci take amsawa, ko ta ce maka makan, lah, wato ci abinci da yaren ƙasar. Ba mu taɓa zancen kwanon Inna a gabanta ba. Wata ranar Alhamis na fito daga alwala na same ta tsaye a ƙofar kicin, ta ɗaga kai sama kamar mai sauraron dogon mutum, tana gyaɗawa. Na ce wa take kallo. Ta juyo, da Hausa tsantsa irin ta gidanmu, da sunan da mutum ɗaya ne tak yake kirana da shi, ta ce:

"Mama, ya ce, Autar Inna, ki faɗa mata ta daina rufe min tuwo. Ba na jin yunwa yanzu."