Manniru da Yatsan Dakta Godfrey

Manniru mutumin wani ƙauye ne a bayan Gumel, kuma abinci ya kawo shi Abuja, ba asibiti ba. Ya fasa dutse a Mpape shekara biyu har ƙirjinsa ya fara ƙara, sai ya bari ya koma faci a bakin titi. A nan ya san halin iska. Taya in tana yoyo yakan kara kunne ya ji, in kunne ya gaza ya shafa ruwan sabulu ya jira kumfa. Wata nas mai suna Angelina, wadda take kawo masa tayar motarta, ita ta sama masa aikin shara a wani ƙaramin asibitin kuɗi a cikin gari. Daga tsintsiya ya koma turin gadon marasa lafiya, daga nan ya shiga ɗakin tiyata yana haɗa injuna. Shekara goma sha biyu ya yi a wurin, ba shi da takarda ko ta firamare, amma in bai zo ba aiki tsayawa yake.

Tiyatar da aka fi yi a asibitin ba ta tsaga ciki ba ce. Ƙananan huda uku ake yi, a zura bututu, a hura wa cikin mutum gas har ya kumbura, likita ya samu wurin gani da kyamara. In an gama sai a saki iskar. To babban likitan, Dakta Godfrey, yana da wata ɗabi'a. Da ya gama sai ya sa babban yatsa ya murɗe bawul ɗin bututun, iskar ta fito fuuu cikin ɗaki haɗe da hayaƙin naman da aka ƙona, ya ce, "Shi ke nan." Shekara ashirin yana haka, kuma iyakar abin da mutane suke yi su kau da fuska.

Sai ga korona. Aka ce iskar nan tana iya ɗauko cutar daga cikin majiyyaci ta watsa wa duk wanda ke tsaye. Ba wanda ya tabbatar, ba kuma wanda yake so a tabbatar a kansa. Injin tsotse hayaƙi kuwa asibitin ba shi da shi, kullum yana hanya. Manniru ya gaji da jin yana hanya. Ya ɗauko tiyo, ya sa matatar da ake sa wa injin numfashi a tsakiya, ya tsoma ƙarshen cikin kwalbar ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Kowace mahaɗa ya bi ta da ruwan sabulu, yana tsugune yana jiran kumfa.

Dakta Godfrey ya tsaya a kansa yana dariya. Da Hausarsa ta Abuja ya ce, "Manniru, wannan kwalba naka zai kashe mu kafin korona ya zo." Amma ya duba, ya ga abin yana aiki, ya yarda. Mutumin ba mugu ba ne, a gaskiya ma yana da kirki. Yatsan ne ba ya jin magana. Kafin kowace tiyata sai Manniru ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, in an gama a jira ni in jona tiyo." Likita ya ce to. Sau huɗu aka yi lafiya, sau biyu a ciki Sista Angelina ce ta yi gyaran murya a kan lokaci.

Abin da ya hana Manniru sukuni shi ne dokar asibitin. In aka yi wa mai cutar aiki iskar ta fita cikin ɗaki, duk wanda ke ciki za a killace shi kwana goma sha huɗu. Shi kuwa matarsa Muhibba ta haihu ranar Juma'a, mace, bayan shekara tara suna jira. Sun sha magani har sun gaji, sun sha tambayar dangi fiye da maganin. Kwana biyu ya yi a gida yana kallon jaririyar kamar za a ƙwace masa ita, sannan ya koma aiki. Suna Juma'a mai zuwa. Saboda kullen korona mutum biyar kawai za su zauna a tsakar gida, amma rago yana ɗaure a bakin ƙofa, kuma Manniru ya ƙudura da hannunsa zai riƙe 'yarsa a yi mata addu'a.

Ranar Talata da hantsi aka kawo wani mai sayar da kifi a Kado, Badaru, yana murƙususu da ciwon afendis. Jikinsa zafi rau, ga tari. An ɗauki gwaji, amma sakamako sai bayan kwana biyu, ciki kuwa ba zai jira ba. Takunkumi mai kyau guda uku ya rage, aka ba likita da mai sa barci da Sista Angelina. Manniru ya ɗaura na kowa da kowa, ya ƙara wani a kai.

"Ranka ya daɗe, in an gama a jira ni," in ji shi.

"Na ji, na ji. Kullum sai ka faɗa?"

Aikin da ake yi cikin minti arba'in ya ci awa biyu da rabi, don abin ya riga ya fashe a ciki. An kashe na'urar sanyaya ɗaki don kada ta yi ta juya iska, zufa tana bin bayan kowa. Manniru yana tsaye dab da likita, tiyo a hannunsa na hagu, na dama ba komai. Sista Angelina ta juya tana karɓar kayan aiki. Likita ya sauke numfashi, ya miƙe bayansa, sai Manniru ya ga yatsan ya tafi.

Ya gan shi sarai, tun daga inda ya taso. Tsakanin hannunsa da na likita bai kai kamu ɗaya ba. Da taya ce da tuni ya danne bakin. Amma wannan oga ne, ya girme shi, yana da furfura, kuma tun Manniru yana yaro ba a taɓa koya masa ya cafke hannun babba ba. Sai ya buɗe baki, kuma bakin bai san wata hanyar farawa ba.

"Ranka ya daɗe, don Allah…"

Fuuu. Iskar ta bugi fuskarsa, ɗumi da ƙauri.

"Shi ke nan," in ji likita. Sannan ya dubi yatsansa, ya dubi tiyon da ke hannun Manniru, ya ce, "Kai."

Haba, wane irin abu ne wannan. Mutum ya yi sati uku yana bin mahaɗa da ruwan sabulu don kada ɗigon iska ya tsere, sai a saki cikin mutum guda a fuskarsa yana tsaka da gaisuwa. Haushi ya cika Manniru har ya rasa wa zai ji wa, likitan ko kansa. Sista Angelina ba ta rasa ba. A gaban kowa ta wanke su duka biyun, ta ce ɗaya ba ya ji, ɗaya kuma ladabi zai kashe shi.

Ba wanda ya koma gida. Aka sa su a ɗakunan bayan asibiti suna jiran sakamako. Manniru ya yi ta addu'a a ce mura ce kawai. Ranar Alhamis da la'asar sakamakon ya fito, Badaru yana ɗauke da cutar. Likita ya leƙo ta taga daga ɗakinsa ya ba da haƙuri, da gaske kuwa. Ya ƙara da cewa, "Amma me ya sa ba ka buge mini hannu ba?" Manniru ya rufe tagarsa, don abin da ya zo masa baki ba na faɗa wa babba ba ne.

Ranar Juma'a da safe ya zauna a bakin gado da waya a kunne. Ya ji liman ya yi addu'a, ya ji an shafa, ya ji maƙwabcinsa yana neman wanda zai riƙe masa ƙafar rago. Da hayaniya ta lafa Muhibba ta karɓi wayar. Tun ranar Talata ba ta tambaye shi yadda abin ya faru ba, sai yau.

"Malam, lokacin kana kusa da shi?"

"Ina kusa."

"Hannunka yana kaiwa?"

"Yana kaiwa."

Yana jin jaririyar tana ɗan kuka a cinyarta.

"To," in ji ta. "An sa mata Najwa, yadda ka ce. Maƙwabci ne ya riƙe ta aka yi addu'ar."