Iskar Barci da Sunan Maigida

A farkon shekarun mulkin kai, wani haƙorina na can ciki ya ruɓe, kumatuna ya kumbura kamar na cusa curin fura. Yayar maigidana ce ta raka ni daga Hunkuyi zuwa asibiti a Zariya, a bayan motar hatsi.

Likita ya ce sai an tsaga dasashi. Ya ba ni zaɓi: ko allura a baki idona biyu, ko in shaƙi iskar da ke sa barci. Ni da na tsani allura, na zaɓi barci.

Da na farfaɗo, bakina cike da auduga, sai na ga Yaya tana dariya har da hawaye.

Ta ce, "Ke! Shekara tara ba ki taɓa kama sunan ƙanena ba. Yau sau uku kika rangaɗa shi, har kika ce minsharinsa ya ishe ki!"

Na roƙe ta ta rufa mini asiri. Kafin la'asar har maigidan ya ji, yana ta murmushi.

Haƙora huɗu aka cire mini bayan nan, duk da allura. Gara a soke ni da in sake zuba a gaban dangin miji.