Makullin Baba Kar-ka-taɓa

Kullum shi ke fara buɗe ɗakin gwaje-gwajen jami'a. Ya wangale tagogi, ya wanke kwalabe, sannan ya ciro makulli daga wuyansa ya buɗe kabad ɗin ƙarfe. Ɗalibai suna kiransa Baba Kar-ka-taɓa. Kawuna ne.

A kabad ɗin akwai wani mai, rawaya, mai warin man goge takalmi. Ya fi ruwa nauyi. Sai a zuba shi a ƙaramin kofin gilashi, a kwantar da ruwa a kansa. Ba sa gaurayuwa. A siririn layin da ke tsakaninsu ake sa lantarki, a ga abin da ke tsallakawa daga ruwan zuwa man. Da haka suke neman hanyar gano guba a ruwan sha.

Shi kansa man guba ne. Yana shiga ta hanci, yana shiga ta fata. Akwai fankar da aka kafa don ta zuƙe tururinsa waje. Ta mutu tun ina firamare. Kawu ya kai kuka sama, aka ce za a duba.

Sai ya hana kowa zubawa, sai shi.

Wata tsohuwar ɗaliba ta gaya mini ranar da ta matsa masa.

"Baba, ni ma fa koyo na zo."

"Da wannan cikin? Koma bakin taga, 'yata. Ido ma yana koyo."

Ɗan da ta haifa lafiyarsa ƙalau.

A gida matarsa kan tsokane shi: "Malam, jami'a kake zuwa ko shushaina?" Ya yi dariya. Daga baya ta daina, da ta ga leɓɓansa sun fara shuɗi-shuɗi. Ciwon kai ya zauna. Likita ya ce jini ne da hanta.

Bana ritayarsa ta zo. Aka ɗauko wata yarinya ta gaje shi. Ya dube ta, ya dubi fankar, ya mayar da makullin cikin riga.

Shugaban sashe ya ce, "Baba, ba sallama sai ka miƙa makulli. Ba sallama, ba fansho."

"Ranka ya daɗe, a gyara fanka."

"Za a duba."

"To ku fasa kabad ɗin. Amma ba da hannuna za ta shaƙa ba."

Kunya ta hana su fasawa. Shi kuma ya kwanta a gida, magani ya ƙare. Mun roƙe shi. Ni har tsawa na yi masa. Makullin bai bar wuyansa ba.

Sai da damina ta wuce aka gyara fankar. Na kai shi a kan babur, yana jingine da bayana, ba nauyi. Ya zare zare daga hularsa ya riƙe a bakin fankar. Zaren ya karkata ciki. Sannan ya cire makullin ya ba yarinyar.

Kawu, kai ne katangar da ba a gani. Babu sunanka a takardun da ɗakin nan ya fitar. Hantarka ba za ta dawo ba, ka sani, mun sani.

Mun gode. Allah Ya saka, Ya sassauta.

Ku kuma da ke riƙe da makullin wani wuri, kafin ku miƙa wa na bayanku, ku duba abin da zai shaƙa.