Sunan da Na Ƙi Rubutawa a Ginshiƙin Sojoji

Jama'a, wannan abin da ni ya faru, ba wani ya ba ni labari ba, kuma wallahi ba zan ƙara masa komai ba. A shekarun da aka fara shari'ar Musulunci ne, lokacin ina sana'ar fenti a Daura, ina rubuta allunan shaguna da bayan motoci a 'yar rumfata kusa da tasha. Aiki ya yi yawa a lokacin, don kowa so yake a goge hoton da ke jikin motarsa a rubuta masa addu'a a wurin.

Sai na fara gaya muku yadda gidana yake, in ba haka ba ba za ku gane abin da na aikata ba. Matata Uwani bazawara na aure ta. Mijinta na fari soja ne, Kofur Sale Mamman, aka tura su yaƙin Laberiya bai dawo ba, ko gawarsa ba a kawo ba. Mace ce mai haƙuri, ban taɓa kama ta da laifi ba, amma duk Juma'a sai ta soya ƙosai ta raba wa maƙwabta, in na tambaya ta ce, "Sadakar marigayi ce, Malam." Ba ta taɓa kiran sunansa a gabana ba, amma yadda muryarta ke yin laushi in ta ce marigayi, ni dai ba ta taɓa kirana da irin wannan muryar ba. Ku yi mini dariya in kun so, namiji da gemunsa yana kishi da mamaci. Da mai rai ne da na san inda zan same shi, amma wannan ba ya laifi, ba ya faɗa, ba ya dawowa gida hannu banza kamar ni, kullum yana nan yadda ta san shi.

Ana haka sai wani dattijo ya zo rumfata, tsohon soja, kowa Baba Saje yake ce masa. Ya ce a garinsu, wani ƙaramin gari a hanyar Sandamu da ba zan faɗi sunansa ba, akwai ginshiƙin siminti da aka rubuta sunayen 'yan garin da suka mutu a yaƙi, rana da ruwan sama sun cinye rubutun, suna so a sabunta. Ina jin sunan garin na gane shi, don garin mijin Uwani na fari ne. Na amsa aikin, kuma ban gaya mata inda zan je ba.

Da hantsi na isa. Ginshiƙin yana wani fili a gaban makarantar firamare, ya ɗan fi mutum tsawo, da bishiyar darbejiya a gefe. Baba Saje ya ce da akwai mutum-mutumin soja a samansa, aka sauke da aka ce gunki ne, aka bar sunayen. Ya miƙa mini takarda mai sunaye goma sha ɗaya, daga na yaƙin Bama na zamanin Turawa zuwa na basasa, na ƙarshe kuwa Kofur Sale Mamman. Na dubi jikin ginshiƙin, ga shi nan a ƙasa, nasa ne ma ya fi fita don shi ne sabon ciki. Wato gidana bai ishe shi ba, sai da hannuna zan ƙawata masa suna, mutane su zo su tsaya suna yi masa addu'a.

Na kankare, na shafa farin fenti har sau biyu, na jira ya bushe, na ɗauki baƙi na fara rubutu. Baba Saje idanunsa sun yi rauni, boko ma bai iya ba, kuma da aka kira azahar ya tafi masallaci ya ce daga can zai wuce gida ya ci abinci. Na yi sallata a gindin darbejiyar, na dawo na rubuta goma, na tsaya. Na ce a raina in an gane sai in ce mantuwa ce. Na fara wanke buroshi da kananzir.

Sai na ji sallama a bayana. Rana tsaka fa nake gaya muku, ana jin ƙarar injin niƙa daga cikin gari, awaki suna kiwo a filin. Wani mutum ne da bai wuce shekara talatin ba, da 'yar shara fara, kansa a aske, ƙafarsa da takalmin soja. Na amsa, ya zauna a kan gwangwanin fentina kamar mun saba, yana kallon ginshiƙin.

Ya ce, "Hannunka na da kyau, mai fenti. Amma ka bar ɗaya."

Na ce, "Iyakar abin da aka ba ni ke nan."

Ya ce, "To." Bai yi musu ba, bai ɗaure fuska ba. Sannan ya ce, "Sunan ba komai ba ne. Ƙafarta dai, ta hagu. In damina ta matso tana yi mata ciwo ƙwarai, kuma ba za ta faɗa maka ba ko za ta mutu. Ka riƙa sayo mata man zafi, ka hana ta ɗaukar ruwa daga nesa."

Ban tambaye shi ƙafar wa ba. Na sunkuya kamar ina neman murfin gwangwani don kada mu haɗa ido, da na ɗago babu kowa. Fili ne fetal, babu gida kusa, babu inda mutum zai shige cikin wannan ɗan lokaci. Na zagaya bishiyar, na zagaya ginshiƙin, sai awaki. Da na dawo gabansa kuwa, a ƙasan suna na goma, tsohon rubutun ya fara ɓullowa ta cikin farin fentin, dishi-dishi amma ana karantawa. Na yi shekaru ina wannan sana'a, na san baƙi yakan taso ta ƙarƙashin fari, amma sauran goman babu wanda ya taso, kuma da hannuna na kankare su duka.

Na karanta duk addu'ar da ta zo bakina, na ɗauki buroshi na bi sunan harafi-harafi. Da Baba Saje ya dawo na tambaye shi ko ya gamu da wani a hanya mai takalmin soja, ya ce bai ga kowa ba, ya shafa ginshiƙin ya sa mini albarka.

Kafin magariba na isa Daura, na biya kanti na sayi man zafi. Na tarar da Uwani tana tankaɗe, na ajiye a gabanta na ce, "Na ƙafarki ne, ta hagu."

Ta saki rariyar ta dube ni. Ta ce, "Wa ya gaya maka, Malam?"

Na ce na lura ne. Ta girgiza kai, ta ce tana yarinya ta faɗo daga bishiyar tsamiya ta ɓoye wa iyayenta, kuma duk duniya mutum ɗaya ta taɓa gaya wa. Ta juya baya tana share ido da gefen zane. Shekara huɗu muna tare a ɗaki ɗaya ban san matata na ɗingishi a ɓoye ba, sai da wanda ba ya duniya ya zo ya gaya mini. Tsoron da na ji a filin nan daban, amma wallahi wannan ya fi yi mini zafi, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce kishin ya fita ba.

Wani malami da na ba shi labari ya ce mamaci ba ya dawowa, aljani ne ya ɗauki kama. Wataƙila haka ne, Allah ne masani. Daga baya na ji wajen ƙanwarta cewa akwai hoton Kofur Sale a ƙasan akwatin Uwani. Akwatin ba ya da kwaɗo, kullum ina wuce shi, kuma har yau ban buɗe ba, don ban san yadda zan yi ba in fuskar ce.

Shawarata gare ku, in an ba ku amanar sunan mamaci ku riƙe ta, ko wane ne shi a wurinku. Ku kuma magidanta, ku riƙa tambayar matanku inda ke yi musu ciwo, kada ku jira wani ya zo ya zauna kusa da ku da rana tsaka ya gaya muku.