Dawaki Takwas na Malam Ƙadri

Da an sallame sallar asuba a Tasawa, kafin masu ƙosai su ɗora kasko, Malam Ƙadri ya riga ya share gindin bishiyar da yake kira gareji. Ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoni daga ƙarami zuwa babba, ya rataya carbi a wuya, ya zauna jiran duk motar da sauran makanikai suka ƙi. Shekara arba'in da uku yana haka. A watan jiya ya ce idanu sun gaji, ya ajiye aiki, ni kuwa ban yarda a bar shi ya koma gida shiru ba.

Gwanintarsa tsofaffin motocin nan ne masu inji a baya, waɗanda ba su shan ruwa, iska ke sanyaya su. Yawancinsu sun zama ɗakin kaji. Wadda ta rage tana numfashi a yankin Hawandawaki ita ce Kombin Manzo: ita ce ta kasuwa, ita ce ta biki, ita ke kai mai naƙuda asibiti. Aibinta ɗaya, wani tudun rairayi da ke kan hanyar Tasawa. Da ta kai rabinsa sai ta ɗau zafi ta mace, a sauko a tura. Shekara bakwai da suka wuce, Raihana matar Manzo tana da ciki wata takwas, ungozoma kuma ta ce ɗan a gicciye yake, kada a kuskura ta haihu a gida.

Sai ga Manzo a gareji da kayan inji daga Maraɗi: manyan fistan, sabuwar salansa, kafireta biyu, da wata takarda yana kaɗawa.

"Baba, injinta ƙarhin dawaki hamsin gare shi tun asali. Mai kanti ya ce wanga shi ƙara goma, wanga takwas, wanga biyar. Saba'in da uku ke nan!"

Malam Ƙadri ko kallon takardar bai yi ba. "Haka ake haɗa buhunan hatsi, ɗana, ba dawaki ba. In sun shiga inji guda, zahi ya ci nashi, ƙura ta ci nata. In Allah ya so, ka samu takwas."

Ran Manzo ya ɓaci. Dattijon ya ɗaga murfin baya, ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ina ƙarhen da ke lulluɓe da injin?"

"Na hidda shi don ta sha iska," in ji Manzo, har da alfahari. "Murhun shayi na yi da shi."

Kada ku yi masa dariya, direbobinmu da yawa sun yi haka. Mutum ya ga zafin Tasawa, sai ya tuɓe wa inji riga, alhali wannan rigar ce ke kai iskar fanka inda wutar take. Malam Ƙadri ya dafe kai ya ce a je a ɗauko murhun, ko da shayi na kai.

Kafin ya taɓa komai sai da ya yi awonsa, wanda duk Tasawa ta san shi da shi. Ya loda buhu goma na gero, suka fita bayan gari inda wasu gawo biyu ke nesa da juna. Manzo ya taka mai iyakarsa, shi kuma yana jan carbi yana istigfari. Daga gawo zuwa gawo, istigfari arba'in. Kwana uku ya yi yana miƙar da murhun da guduma har ya koma riga. Ya sa fistan da salansa, ya mayar wa Manzo kafireta ɗaya, ya ce biyu a hanyar rairayi shan isansi, wato fetur, kawai za su yi. Suka koma gawo. Istigfari talatin da huɗu, ragin shida, wanda a lissafinsa dawaki takwas ke nan.

"Ga takwas ɗinka," ya ce. "Kuma yanzu ba su gudu su bar ka tsakiyar tudu."

Bayan kwana goma sha ɗaya, da tsakar rana, naƙuda ta taso. Da Manzo ya hango tudun, sai ya taka mai. Kombi ta shiga rairayi tana gurnani, ta kai inda ta saba macewa, ta wuce. Bai san ya kai sama ba sai da ungozoma ta rangaɗa guɗa daga baya. Aka yi wa Raihana aiki a Tasawa, aka fito da 'ya mace, aka sa mata Ikram.

Kai ne, Malam Ƙadri, ka faɗa wa mutum takwas a ranar da yake son jin ashirin da uku. Kai ne ka bar shi ya ji haushinka, don kada ya tura mota da matarsa a ciki. Mai carbin awo, mun ga aikinka, kuma mun ji daɗin zama da kai.

Ranar da ya ajiye aiki, Manzo ya kawo iyalinsa a Kombin nan. Ikram, wadda ta ji labarin har ta haddace, ta tsaya gabansa ta riƙe ƙugu.

"Kaka, wai takwas kaɗai ka ƙara?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Takwas ne, amarya. Ba ga ki nan ba?"

Mun gode, Baba, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu riƙe da sifana, in an tambaye ku nawa za a samu, ku faɗi adadin da zai hau tudun.