Gwaggo Falmata da Kazar da Ta Kasa Tsayuwa

Ranar kasuwar Gamu, bayan azahar, ina surfe a tsakar gida, wani mai jakuna da ya taso daga Gure da kayan kanwa ya yi sallama. Ya ce an aiko shi ya shaida mana Gwaggo Falmata ta rasu kwana uku da suka wuce, bayan zazzaɓin mako guda. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na jingine taɓarya na zauna a ƙasa, na daɗe ban tashi ba.

Gwaggo Falmata yayar mahaifin mijina ce. A gidanta na Gure aka ajiye ni ina amarya, na yi shekara huɗu tare da ita kafin mu dawo Gamu noma. Da Barbarci take faɗa, da Hausa take ciniki, tambaya kuwa da kowanne yi take. Ban taɓa ganin mutum mai son sanin dalilin abu kamarta ba. In ruwan wata rijiya a kwari ya fi na wata zartsi, sai ta ɗanɗana duka biyun. Takan ce, "Ni ban iya wuce abin da ban gane ba, ƙafata ce ba ta yarda."

A shekarar da fara ta cinye gero na fi sanin halinta. Ina da kaza guda, wake-wake, wadda mahaifiyata ta ba ni ranar da za a kawo ni. Ita ce kaɗai abin da na mallaka daga gidanmu. Don tsoron shirwa da masu yunwa, na kulle ta a akurki, ina zuba mata dusa da ruwa. Bayan wata biyu ta fara yin ƙwai mai laushi kamar fata, ba ɓawo, ta juya ta shanye shi. Daga nan ƙafafunta suka saki, yatsun suka nannaɗe, sai ta ja ƙirji a ƙasa.

Mijina Mamadu ya duba ta ya ce, "A yanka ta tun da sauran rai, kada ciwon ya kama na maƙwabta." Wata maƙwabciya ta ce baki ne. Ni dai kuka nake yi.

Gwaggo ta ce, "Mamadu, mai da wuƙarka tukuna. Ka san abin da ke damunta?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"To ni ma ban sani ba. Ba ni kwana bakwai."

Ta ɗora kazar a cinya, ta buɗe bakinta, ta leƙa idonta, ta hura gashinta tana neman ƙuma. Har kashinta ta tona da tsinke. Ta ce ba majina, ba zawo, ido garau, kajin maƙwabta kuma lafiya lau suke kiwo a bola. Sai ta juyo gare ni. "Amarya, me take ci?" Na ce dusa. "Sai me?" Na ce dusa dai. "Yaushe rabonta da rana?" Na ce tun da na kulle ta. Ta ce, "Ina zaton ba wani abu ne ya shige ta ba. Wani abu ne ya ƙare mata. Saura mu san mene ne."

Washegari da hantsi ta fito da kazar ta ajiye a rairayi, ta jera mata kasake huɗu. Ɗaya ƙashin akuya ne da ta ƙona ta daka, ɗaya gara da ta fasa suri ta kwaso, ɗaya yankakken ganyen yakuwa da zogale daga garkarta, na huɗun tsala ce da wata Bafulatana ta ba ta. Ta ce, "Ba ta magana, amma ta san abin da take nema. Mu zuba ido." Muka zauna a inuwa, tana riƙe da kara saboda shirwa. Kazar ta ja jiki ta wuce ganyen, ta wuce tsalar, ta sa baki a garin ƙashin nan kamar an ba ta tsaki. Gwaggo ta tafa hannu tana dariya har ɗankwalinta ya zame. "Kin gani? Ƙashi! Wa zai ce kaza na marmarin ƙashi?"

A rana ta uku muna zaune, ta ga na ɓantari farar ƙasa daga jikin bango na sa a baki. Lokacin ina da cikin fari, wata biyar, kunya ta hana ni faɗa wa kowa jirin da nake fama da shi. Ta dube ni, ta dubi kazar. Ta ce, "'Yar nan, ke kuma me kike ci?" Na ce kunun dusa, irin na kowa. Ta jawo fatar idona ta leƙa kamar yadda ta yi wa kazar, ba ta yi dariya ba wannan karon. Daga ranar, tsalar da ake kawowa ni take fara miƙa wa, kuma kullum sai ta dafa mini zogale ta tsaya a kaina har in cinye. Daga baya na gane nata rabon take ba ni.

Kwana bakwai suka cika kazar ba ta tashi ba. Mamadu ya zo, Gwaggo ta ce, "Ƙara mini bakwai." Bai iya yi mata musu ba. A kwana na goma sha ɗaya kazar ta miƙe ta yi taku uku ta faɗi, ta sake miƙewa. Ƙafarta ta hagu ba ta ƙara daidaita ba, amma bayan wata guda ta yi ƙwai mai tauri, Gwaggo ta zaga da shi gida-gida tana ƙwanƙwasawa da farce. Ni kuma na sauka lafiya, na haifi Zara, wadda yanzu take ɗebo mini ruwa.

Abu guda ya dame ta har muka bar Gure. Takan ce, "Na yi garaje. Ƙashin ne, ko garar, ko ranar? Da ɗaya-ɗaya na ba ta, da na sani." Duk wadda kazarta ta yi ciwo a unguwa, Gwaggo na zuwa da tambayoyinta, kuma in ba ta sani ba takan ce ba ta sani ba.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Falmata, Ya yafe mata kurakuranta, Ya yalwata kabarinta, Ya haskaka shi. Yadda ta ciyar da ni da abin da ke cikina a shekarar da ba kowa ke da abin bayarwa ba, Allah Ya ciyar da ita daga abincin Aljanna. Ya ba 'ya'yanta, Kiyari da Hadiza, da jikokinta haƙurin rashinta, Ya haɗa kansu. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.