Rantsuwar Munzali Mai Gidan Gem

Munzali mutumin Kwandiko ne, amma a Gwaram aka san shi, a wani shago mai ƙofar langa-langa da ke bayan tasha. Tsofaffin kwamfutoci huɗu gare shi, 'yan gwanjo, da farantin sola a kan rufi. Gonar gadonsa ya sayar ya kafa wurin. 'Yan acaɓa da masu lodi ne abokan cinikinsa. Idan rana ta take, fasinja ya yi ƙaranci, sai su shigo su buga ƙwallo a allo, biyu-biyu, ana yi wa juna tsiya. Da wannan ya riƙe matarsa Barira da 'ya'ya uku har shekara bakwai. Da an kira salla yakan kashe wuta, ko da wasa ya kai bugun fenariti, kuma kowa ya saba.

Duk Lahadi yakan hau mota zuwa Birnin Kudu ya ɗauki karatu a zauren Malam Sada. Ran da aka kai babin ciniki, Malam ya tsawaita a kan haƙƙin mai abu, sai zuciyar Munzali ta ƙi kwanciya. Ya bayyana cewa manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinsa ta sayarwa ce, amma kwafi aka ɗora masa ba tare da an biya masu ita ba, kamar yadda kowa ke yi. Malam bai san kwamfuta ba, kuma bai yi da'awar sani ba. Ya dai tambaya ko masu ita sun yarda. Munzali ya ce ba su yarda ba. Malam ya ce to wannan shubuha ce, barinta ya fi aminci.

Wani mai gyaran kwamfuta a Birnin Kudu ne ya ba shi labarin Linuks, manhajar da masu ita suka sake wa duniya, kowa ya ɗauka, ya gyara, ya ba wani. Munzali ya ce ai wannan waƙafi ne. Saboda tsananin farin ciki ya rantse da Allah a gaban Malam da ɗalibai cewa ba zai ƙara ɗora ta sata ba. A yini ɗaya ya goge huɗun ya ɗora musu Linuks, bai bar ko ɗaya ba don gwaji.

Tseren mota ya tashi, wasan dambe ya tashi, kwamfutocin ma suka ƙara sauri. Ƙwallo ce ta ƙi, ita da ake zuwa dominta. Mako biyu yana bin kowace dabara da mai gyaran ya sani, allo ya yi baƙi ya tsaya.

Jafaru, babban 'yan acaɓan tashar, ya leƙo wata rana ya ce, "Malam Munzali, kwamfutocinka sun tuba, mu kuwa ba mu tuba ba tukuna." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Kafin wata ya ƙare sun koma wani shago a bakin kasuwa.

Munzali ya nemi ya sayi manhajar ta halal, aka ce masa an daina sayar da tsohuwar, sabuwar kuma ba ta hawa irin kwamfutocinsa. Ya sa su a kasuwa, aka taya da kuɗin jari-bola. Gona babu, wata sana'a bai iya ba. Barira dai ta fara suyar awara a ƙofar gida. Duk wanda ya ce ya mayar da ta dā, amsarsa ɗaya ce: rantsuwa ta ɗaure shi.

Da abin ya kai maƙura sai ya koma wa Malam Sada.

"Allah gafarta Malam, rantsuwar nan tana da magani?"

"Tana da shi. Ka ciyar da miskinai goma, ka fita daga cikinta."

"To sai in mayar da ta dā?"

Malam ya ce, "Rantsuwa ka tambaye ni, na amsa. Haƙƙin mutanen can kuwa ba nawa ba ne balle in yafe maka."

Barira ta dafa shinkafa da wake, aka kai wa mutum goma a ƙofar masallaci. Mai gyaran ya aiko masa da kwafin ta dā a filashi, ɗora ta ba zai wuce awa biyu ba. Munzali ya zauna gaban kwamfutar farko da shi a hannu har aka kira La'asar, ya tashi ya tafi masallaci.

Watanni huɗu ke nan. Yana buɗe shago kullum da hantsi, ya kakkaɓe benci, mutum biyu ko uku su yi tseren mota su tafi. Jafaru ya ji labarin kaffarar, ya tsaya da babur ya tambaye shi, yanzu kuma me ya ɗaure shi? Munzali ya ce masa ya gaida gida.